INJI BA YA CIN TUWO, AMMA SAI DA MAI KULA DA SHI

Jama'ar Shema, da Dutsin-Ma, da Kurfi, da ƙauyukan da ke kewaye! Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, domin maganar nan ta 'ya'yanku ce.

Dattawanmu sun san zamanin da saurayi zai gama girbi, ya ɗaure kayansa, ya nufi Kaduna, ya sami aiki a masaƙa da ƙarfin damtsensa kawai. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta ciyar da dubban gidaje, aka rufe ta a 2002. A birnin Katsina ma an buɗe masana'antar mulmula ƙarfe a 1982. A wancan lokaci, in kana da lafiya kana da haƙuri, ka sami abinci.

To, jama'a, zamani ya juya. Masana'antar yau ba damtse take nema ba. A Japan da Jamus da Sin, hannun ƙarfe ne ke walda jikin mota, dare da rana, ba gajiya, ba hutun cin tuwo. Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A manyan injinan gyaran shinkafa na ƙasar nan akwai na'ura mai ido irin na kyamara. Shinkafa tana zubowa, ita kuma tana duban kowace ƙwaya. In ta ga baƙa ko tsakuwa, sai ta hure ta gefe da iska. Aikin da mata da yawa za su wuni suna tsinta a faifai, ita nan take ta gama.

Wani zai ce, ashe inji ya cinye aikin talaka ke nan. Mu ba za mu ɓoye muku ba: ya rage aikin dako da na tsinta. Amma ku tambayi mai injin niƙa na garinku, ran da injin ya tsaya, wa ake nema? Bakanike. Haka su ma waɗannan na'urori. Idonsu yakan yi ƙura, wayarsu takan ƙone, lissafinsu yakan rikice. Dole sai da mai saita su, da mai gyara su. In babu ɗanmu da ya iya, za a ɗauko ɗan wani daga nesa, a biya shi albashi mai tsoka, namu kuwa a ba shi sanda ya yi gadin ƙofa.

Abu huɗu yaro ke bukata. Na farko, karatu da lissafi, don ya karanta littafin inji, ya iya awo. Na biyu, sanin wutar lantarki. Na uku, aikin hannu, wato walda da kanikanci. Na huɗu, kwamfuta, domin da ita ake ba injin umarni. Kuma wannan aiki bai bar 'ya mace a baya ba, tunda na kai ne da natsuwa.

Ba daga ƙasa za mu faro ba. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011. Muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Ga ruwan madatsar Zobe, wanda zai iya shayar da gonakin da za su ciyar da injin shinkafa da na tumatir. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta kai ɗan manomi daga firamaren ƙauye zuwa waɗannan ƙofofi.

Ga alkawarin jam'iyyarmu, ku riƙe mu da shi. Za mu sa ɗakin koyon sana'a mai wutar sola da kayan aiki a makarantun sakandarenmu. Za mu ɗauki malaman lissafi da na fasaha, a biya su kan kari. Duk kamfanin da aka ba fili a ƙasarmu, sai ya ɗauki yaranmu koyon aiki. Kanikawa da masu walda na kasuwa kuma za a ƙara musu horo, a ba su takardar shaida.

Kun dai ga abin da zaman banza da rashin tsaro suka jawo mana a yankin nan. Saurayin da ke da sana'a a hannu da wuya a yaudare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da sabulu, ku tambaye shi: me ka tanadar wa ɗana ya koya? Ran zaɓe ku fito, maza da mata, da katinku a hannu, ku dangwala wa jam'iyyarmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.