Salula Ba Likita Ba Ce, Amma Tana Iya Kiran Likita

Ƴan uwa matasa, mu faɗa wa juna gaskiya. A ƙauyukan Konni, Malbaza da Illela, idan mutum ya daina barci, ya daina magana, ko mace ta haihu ta wuni tana kuka, me ake cewa? Iskoki ne, ko sammu. Saurayin da tramol ya birkita kuma sai a ce ɗan iska. Daga nan sai turare, wani lokaci har mari a ƙafa.

Ba rashin ƙauna ke kawo haka ba, nisa ne. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, Pavillon E, ya fi kilomita 400 daga Konni. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya fi kusa, amma yana jahar Sakkwato, kuma mun ga yadda rufe iyaka a 2023 ya tsare marasa lafiya. Manomin Dogerawa da ina zai haɗa kuɗin mota, na masauki da na magani?

A nan salula ke da amfani, in an ɗora ta inda ya dace. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin lafiya na gari gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali. To, a horar da majo na kowane CSI, a ba shi lambar ƙwararren da zai amsa kiransa a rana tsayayya kowane mako. Maimakon a ɗauki majinyaci zuwa Yamai, shawarar likita ta zo ta same shi. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci suna sauraron masu damuwa, kuma an ga amfanin abin. Mu ma kakanni ba su ƙare mana ba.

Sai dai kada a ruɗe mu da manhaja mai rubutun Faransanci. Iyayenmu saƙon murya na WhatsApp suka sani, da Hausa ko Tamajak. Sannan a gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida, ana kai ta caji shago. Matar da ta faɗi sirrinta a ciki, wa zai rufa mata asiri? Shi ya sa kiran ya kamata a yi shi a ɗakin likita, ƙofa rufe.

Namu aikin kuwa a hannunmu yake. Mu bar ɗaukar bidiyon masu taɓin hankali muna watsawa a TikTok don dariya. Ɗan wani ne. Mu tambayi hukumomin lafiya na gundumominmu: wane CSI ke da wanda aka horar, kuma akwai magani? Kuma yau, ka kira abokin nan da ya dawo daga ci-rani ya shige ɗaki shiru. Ka tambaye shi lafiya, ka tsaya ka saurari amsar.