Cacar Ƙwallo: An Garƙame Shago, Saura Wayar Hannu

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta fara garƙame shagunan cacar ƙwallo. Ranar 22 ga Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Jihohinmu masu bin Shari'a ba su da sauran uzuri ke nan. Sai dai kwaɗon da aka danna wa shago bai kai ga aljihun ɗalibi ba, inda manhajar caca take maƙwabtaka da manhajar Alƙur'ani.

Kamfanonin kan rubuta a ƙasan tallarsu cewa a yi wasa cikin hankali, kowa ya san iyakarsa. To, mu buga lissafi. A wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, idan aka ba kowane ɓangare 1.90, mutum biyu suka zuba naira 100 kowannensu, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190. Goman nan tasa ce, ko wa ya ci. Wanda ya jera irin wannan wasa har 10 a tikiti guda, yana hangen ɗarinsa ta zama dubu 61, damarsa ɗaya ce cikin 1,024, rabon kamfani kuwa ya haura zuwa kusan kashi 40 cikin 100. Sanin 'yan wasa ba ya goge wannan gibi. Ƙara wa mutum ƙarfin gwiwar sake zubawa kawai yake yi.

Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, umarnin da ke ciki kuwa na nisanta ne gaba ɗaya. Sun ambaci gaba da ƙiyayya, da shagaltuwa ga barin sallah, kuma duk mun san yadda wasannin Firimiya na yammacin Asabar ke cinye La'asar. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ko gayyatar aboki zuwa caca sai an bi ta da sadaka.

Don haka kamun kai a wurinmu yana farawa ne tun kafin a buɗe asusu. Wanda ya riga ya faɗa, faɗa da gori ba sa fitar da shi, domin yawanci bashi ne ke mayar da shi, yana neman fanshe abin da ya tafi. Iyaye su fara tambayarsa nawa ake binsa, a goge manhajar, wani amintacce ya riƙe masa katin banki, kuɗin makaranta kuma a tura wa makarantar kai tsaye.