Ina Rabon Masu Taɓin Hankali?

Duk mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan da ɗan'uwansa ya sami taɓin hankali, sai ya nufi asibitin koyarwa na Shika ko na Barnawa a Kaduna, alhali kuwa dukkansu na Gwamnatin Tarayya ne. Wanda ba shi da kuɗin mota, sau da yawa gidan mari ne makomar majinyacinsa, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa cikin 2019. Haƙiƙa a 2023 an sa hannu a kan dokar da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta sayen magani. Lalle ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta ware kuɗi cikin kasafinta, ta buɗe sashen wannan cuta a manyan asibitocin Ikara da Makarfi, ta zuba ƙwararrun ma'aikatan jinya.