KWAMFUTA MAI TSADA, SHIN TA CI KUƊINTA?



A 'yan shekarun nan babu zancen da ya fi yawa a bakin 'yan aji biyar da 'yan aji shida kamar zancen kwamfutar tafi-da-gidanka, watau wadda a ke kira laftof. Duk wanda ya kusa fita burinsa a saya masa ɗaya kafin ya shiga jami'a. Wannan ba laifi ba ne, gama zamani ne ya zo da haka. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka a kan kwamfuta, kuma ɗalibin da ya sami shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, ba zai gama ba sai ya buga aikinsa na ƙarshe da na'ura. Abin da ya dame ni shi ne irin wadda mu ke kwaɗayi. Ba kowace iri mu ke so ba, sai siririyar nan mai ƙyalli, wadda in an ɗora ta bisa tebur kowa zai waiwayo. To, ni ra'ayina shi ne, ga ɗan makaranta mazaunin Sakkwato, irin wannan kwamfuta ba ta ci kuɗinta ba. Dalilina kuwa yana wurin da ba mu cika dubawa ba, watau madannan da a ke buga rubutu da su, abin da masu gyara su ke kira kibod.

Bari mu fara da lissafi, don iyayenmu su san abin da mu ke roƙonsu. Kwamfutocin da a ke cewa na manya, farashinsu yakan tashi daga dala 1,000 ne zuwa sama. A cikin shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, watau ke nan kwamfutar dala 1,000 ta kai naira miliyan ɗaya da rabi, tun ba a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. A cikin watan Yuli na wannan shekarar ne kuma aka tsai da albashi mafi ƙanƙanta a kan naira 70,000 a wata. In ka raba, za ka ga ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata 21 cur, bai ci ba bai sha ba, kuma duk da haka da ɗan ciko. Manomi kuwa sai dai ya kora dabbobinsa zuwa Kara, ko ya sayar da albasar da ya sha wahalar ban ruwa a kanta. Wanda zai fid da irin wannan kuɗi ai ya kamata ya tambaya, me na saya?

Mai saye yakan dubi fuskar kwamfuta, ya ɗaga ta ya ji rashin nauyinta, ya tambayi awa nawa batirinta ya ke yi. Ba safai ya ke zama ya buga ko da layi biyu ba. Alhali kuwa kibod shi ne inda hannu ya ke taɓawa dare da rana. Kamar fartanya ce da ƙotarta: kome kyan ƙarfen, in ƙota ta tsage noma ya tsaya. In harafi ɗaya tak ya ƙi, rubutu ya ɓaci. In kuwa harafin yana cikin kalmar sirrin da a ke buɗe kwamfutar da ita, to ko shiga ma ba ka yi.

Kada wani ya ce ai mai tsada ba ta yin haka. Ga labarin da ya faru a idon duniya.

A shekarar 2015 kamfanin Apple na Amurka ya fito da wata kwamfuta siririya ƙwarai mai suna MacBook, a kan dala 1,299. Don ta yi sirantaka sai suka canja abin da ke ƙarƙashin kowane madanni. A yawancin kwamfutoci akwai wasu 'yan robobi biyu da aka gicciya kamar almakashi, su ne ke ɗaga madanni in an sake shi. Su kuwa sai suka ƙirƙiro wani sabo mai buɗewa kamar fukafukai, har suka laƙaba masa sunan malam-buɗe-littafi, suka ce ya fi na almakashi sirantaka da kashi 40 cikin 100. A 2016 suka sa shi a MacBook Pro, wadda babbarta ta kai dala 2,399, a 2018 kuma suka sa shi a MacBook Air. Da ya ke madannin ba ya nutsewa sosai in an danna, ko milimita ɗaya bai kai ba, sai ya zamana ɗan ƙanƙanin tsaki ko ƙura in ya shiga ƙarƙashi ba shi da wurin kaucewa. Sai harafi ya maƙale, ko ya ƙi fitowa, ko kuwa ka danna sau ɗaya ya fito sau biyu. Ɗan hakin da ka rena, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido.

Shawarar da kamfanin ya ba masu ita, ita ce su karkata kwamfutar, su fesa mata iska daga wani gwangwani na musamman. Da kuka ya yi yawa, a watan Yuni na 2018 suka yi shelar za su riƙa gyarawa kyauta har tsawon shekara huɗu daga sayen kwamfutar. Suka ƙara wata 'yar tantanin roba a ƙarƙashin madannan don ta tare ƙura, amma ƙorafi bai ƙare ba. A watan Maris na 2019 wata 'yar jarida mai suna Joanna Stern ta rubuta sharhi a jaridar Wall Street Journal, ta bar shi babu haruffan E da R, don mutane su ga abin da kwamfutarta ta ke yi mata. Kamfanin ya ba da haƙuri, ko da ya ke ya ce mutane kaɗan ne abin ya shafa. A ƙarshen 2019 suka fara komawa ga tsohon almakashin, zuwa 2020 sun watsar da malam-buɗe-littafi baki ɗaya. A 2022 kuma suka yarda su biya dala miliyan 50 ga masu sayen da suka kai su ƙara a Amurka, ba tare da sun amsa laifi ba. Wanda ya fi samu cikinsu bai wuce dala 395 ba.

Yanzu ku dubi wannan. Mutanen da ƙura ta hana su rubutu, yawancinsu a ofisoshi su ke masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Mu fa? Mu da hunturu ya ke sauko mana tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, hazo ya rufe gari har jirgin sama ya kasa sauka? Malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa galibin wannan ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ta ke kwaso ta, kuma laushinta ya fi na garin alkama. Duk ɗan makarantar kwana ya san ta. Ka share gadonka da asuba, kafin a kaɗa ƙararrawar azahar kana iya rubuta sunanka da yatsa a kan akwatinka. Ba ta neman izinin shiga, ko an rufe taga. Hunturu ya wuce kuma bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu. Sa'an nan ga kabu-kabu, da zai ɗauko ɗalibi daga Mabera ko Runjin Sambo, jaka a baya tana ta jijjiga. Abin da aka ƙera shi da kyar ya ke jure ɓarɓashin biskit, yaya zai yi da mu?

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, tun da kamfanin ya gyara. Gaskiya ne, kuma ban ji ana kuka da na bayan 2020 kamar yadda aka yi da na da ba. Amma mu tambayi kanmu, ina waɗancan na 2015 zuwa 2019 suka tafi? Ba a binne su ba. Turawa in sun gaji da abu sukan sayar, 'yan kasuwa su loda su kawo Legas, daga can su bazu zuwa Kano da Sakkwato a matsayin gwanjo. Yawancinmu kuwa ba sabuwa za a saya mana ba, gwanjon ce. Ga ta nan tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta, ga tambarin da kowa ya sani, farashin kuma ya sauko har ya zama kamar araha. Amma shekara huɗun gyaran kyauta ta riga ta wuce, diyyar kotu kuwa ta mutanen Amurka ce, ko sisi bai iso nan ba. Wanda ya saya ya yi wa rogo kallon kitse.

Abin da ya fi wannan muni shi ne gyara. A irin waɗancan sirara, an manne kibod da murfin sama na kwamfutar da wasu ƙananan ƙusoshi barkatai, batiri kuma an liƙe shi a jikin murfin. Sabo da haka in harafi ɗaya ya mutu, sau da yawa sai an canja murfin ɗungurungum, abin da a can Amurka ma yakan ci ɗaruruwan daloli. Mai gyaran da ke cikin garin nan ba shi da kayan a rumfarsa. Sai ya aika Legas, a yi ta jira, mako ya shige mako, ranar miƙa aiki kuwa ba ta jiran kowa. Gwada wannan da kwamfutocin ofis masu ɗan kauri, irin su ThinkPad, wadda kamfanin IBM ya fara yi a 1992 kafin Lenovo ya saye ta a 2005, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP. Da yawa daga cikin tsofaffinsu, sukurori biyu ko uku za a kwance a zare kibod a sa wani, kana tsaye. Ba su da kyan gani, na yarda. Wata ma baƙa ce ƙirin kamar allon aji. Amma su ma fa da can masu tsada ne, sai dai kuɗin nasu a ƙwari aka zuba shi, ba a ado ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a ruga a sayi mafi araha. Araha ba ta ado. Akwai sababbi masu rahusa da in ka danna tsakiyar kibod ɗinsu duka ya ke lotsawa kamar faifan kaba, haruffan kuma su goge kafin shekara ta zagayo. Har wa yau akwai mutanen da mai tsadar ta dace da su, kamar mai haɗa fim, ko injiniya mai zanen gine-gine, waɗanda ƙarfin na'urar ne abincinsu, in ta lalace kuma aikin zai biya gyara. Mu kuwa me za mu yi da ita? Karatu, da buga rubutu, da gwajin tambayoyin JAMB. A zauren jarrabawar ma ba siririyar kwamfuta za ka tarar ba. Abin da za ka danna shi ne A, B, C ko D don amsa, N don ka wuce gaba, P don ka koma baya. Wanda ya saba da madannai masu nutsewa sosai shi ne hannunsa ba zai yi rawa ba ran nan.

Akwai wani abu kuma da ya ke ba ni haushi, ko da ya ke masu tsada da masu araha duk sun yi tarayya a cikinsa. Tun shekarun 1930 a ke rubuta Hausar boko da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ka biya miliyan ɗaya da rabi, ka duba madannan daga wannan gefe zuwa wancan, ba za ka ga ko ɗaya a cikinsu ba. Ana iya saita na'urar ta fid da su, amma ba a zana su a jiki ba, sai dai ka haddace inda su ke ɓoye. Shi ya sa mutane su ke rubuta baki a wurin baƙi, da kafa a wurin ƙafa, mai karatu ya yi ta laluben ma'ana. Wayar hannu mai rahusa tana ba ka su in ka sa mata madannan Hausa. Ashe ke nan ƙarin kuɗin da a ke biya bai sayo wa Bahaushe ko harafi ɗaya ba.

Ga iyayenmu, Allah ya ƙara muku arziki, ina roƙo. In ɗanku ya zo ya ce lalle sai wance, ku tambaye shi aikin da za ta yi masa wanda ta rabin kuɗinta ba za ta yi ba. In ya fara zancen sirantaka da launi, to kun gane. Ragowar kuɗin ai akwai rajista, akwai littattafai, akwai kuɗin ɗaki, ga kuma abin caji, tun da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Ga 'yan'uwana kuma, ba a cinikin biri a sama. Kada ka yarda a aiko maka da kwamfuta daga nesa don ka ga hotonta. Tafi da ƙafarka, ka tafi da wanda ya san kan abin. Ka sa a kunna ta, a buɗe maka wurin rubutu, ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, tun daga lambobin sama har dogon nan na ƙasa mai ba da tazara, kowanne sau uku ko huɗu, kana duban ko ya fito daidai. Sa'an nan ka buga shafi guda da sauri, ka ji ko yatsunka sun gaji. Ka tambayi shekarar da aka ƙera ta. In MacBook ce ta tsakanin 2015 da 2019, ka tabbata ba mai malam-buɗe-littafin ba ce. Daga nan sai ka yi wa mai shago tambaya ta ƙarshe: in kibod ɗin nan ya mutu, nawa ne sabo, wa zai sa mini shi a garin nan, kuma kwana nawa zan jira? In ya ba ka amsa kai tsaye, ku shiga ciniki. In kuwa ya fara cewa ai irin wannan ba ta lalacewa, ka yi masa sallama ka leƙa shago na gaba.