Tanadi Ya Fi Jarumta: Darasi Daga Silabawan Dauri

Ina so in ba ku labarin Silabawa, wato kakannin Rashawa da mutanen Yukren da Folan da Sabiya. A ƙarni na 6 da na 7 na Miladiyya suna zaune a dazuzzuka da fadamun gabashin Turai, inda sanyin hunturu kan daskarar da koguna, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki watanni. A ganina, tanadi ne ya fisshe su, fiye da ƙarfin jiki.

Ku dubi ɗakinsu. Sukan haƙa rami mai kusurwa huɗu, kamar mita 4 kowane gefe, zurfinsa bai cika wuce mita 1 ba, su kafa bangon itace su yi jinka. A kusurwa guda sai su gina murhun duwatsu ko na yumɓu. Ƙasa tana tare iska, duwatsun kuma suna riƙe zafi bayan wuta ta mutu. Wani masanin tarihi na Rumawa, Furokofiyas, ya raina waɗannan ɗakuna, ya ce bukkoki ne na wahala. Ni kuwa na ce bai yi musu adalci ba, domin babban ɗaki itace mai yawa yake ci kafin ya ɗumama.

Abinci ma tun da bazara ake shirinsa. Sun noma wani irin gero da alkama da sha'ir, suka adana hatsin a ramuka, kamar yadda manominmu yake cika rumbu da kaka. Suna da dabbobi da zumar daji da fatun sakawa.

Wani zai ce ai juriya ce, don littafin dabarun yaƙin Rumawa na wajen shekara ta 600 ya yaba da jimirinsu a kan sanyi. Gaskiya ne, amma mai juriya ma yunwa na kayar da shi in rumbu ya ƙare. Littafin nan ma ya shawarci sojoji su kai musu hari da hunturu, lokacin da ganye ya kaɗe, sawu ke fitowa a kan ƙanƙara.

Saboda haka, ɗalibin da ya bar karatu sai daren jarrabawa, da magidancin da ya sayar da hatsinsa duka da kaka, su tuna da Silabawa. Rigakafi ya fi magani.