Raddi ga masu cewa maganin haɗiya ya isa tunjeren da ya kai ƙwaƙwalwa

Akwai masu yaɗa cewa ko tunjere ya shiga ƙwaƙwalwa da laka, ba sai an kwantar da majiyyaci ba, a rubuta masa maganin haɗiya ya tafi gida.

Sun ce ai ƙwayar cutar ɗaya ce, abin da ya warkar da mikin al'aura zai warkar da na kai. Ɗaya ce, ba musu. Sai dai tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shingen da ba kowane magani ke ƙetare shi da ƙarfinsa ba. Allurar benzatin penisilin ma, wadda guda ɗaya ke gamawa da tunjeren farko, ba ta isa ruwan laka da yawan da zai kashe cutar. Shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ta tsaya a kan penisilin ta jijiya, yunit miliyan 18 zuwa 24 a kullum, tsawon kwana 10 zuwa 14.

Sun ce ƙa'idojin Birtaniya sun yarda da maganin haɗiya na doksisaikilin. Sun yarda, amma a matsayin madadi, miligiram 200 safe da yamma har kwana 28, kuma madogararsu ƙananan bincike ne, ba babban gwajin da ya auna shi da penisilin ba. Sannan a dubi wanda ake miƙa wa maganin. Mutum ne da ya fara mantuwa, ko ganinsa ya fara dushewa, ko yana tafiya yana tangaɗi. Shi za a bar wa ƙirgar magani na kusan wata guda? Jijiyar ido ko ta kunne idan ta mutu ba ta dawowa. Mai juna biyu kuwa ba a ba ta doksisaikilin.

Azitiromaisin kada ma a kawo zancensa, cutar ta bijire masa a ƙasashe da dama.

Hujjarsu mai nauyi ita ce rashin gado da kuɗin jinya, kuma wanda ya taɓa kwana a tabarma kusa da gadon ɗan'uwansa ba zai raina ta ba. Amma tsakanin kwanciya da haɗiya akwai wata hanyar: allurar seftiriyazon, giram 1 zuwa 2 sau ɗaya a rana na kwana 10 zuwa 14, ko ta furoken penisilin kullum tare da furobenesid. Majiyyaci ya zo a yi masa, a duba idonsa da tafiyarsa, ya koma gida.