Tubalin toka: arahar gini ko haɗari a bangon ɗaki?

Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna wa mazauna Injamena, Kuseri da Yagua abin da suka daɗe da sani: gidan ƙasa ba ya jure doguwar jiƙa. Mai son sake gini kuwa zaɓinsa biyu ne, kowanne da zafinsa. Bulon siminti ya fi ƙarfin aljihun talaka, jan bulo kuma sai an ƙona shi da itace, a yankin da bishiya ta zama abin tattali. Shi ya sa ake ta maganar yin tubali da sharar masana'antu.

Indiya ta yi nisa a wannan fanni. A 1999 gwamnatinta ta wajabta wa masu yin tubali da ke cikin kilomita 50 daga tashar lantarki mai ƙona kwal su sa toka aƙalla kashi 25 cikin ɗari, ta kuma umarci tashoshin su bayar da tokar kyauta. A 2003 aka faɗaɗa zuwa kilomita 100. Aikin ba wuya: a cakuɗa toka da yashi da farar ƙasa ko ɗan siminti, a matse a inji, a riƙa yayyafa ruwa na wasu makonni. Babu ƙonawa, babu sare bishiya.

Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Tashar Sonichar a Anu-Araren, arewa da Agadas, tana ƙona kwal tun farkon shekarun 1980. A Yagua akwai buntun shinkafa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera. Idan aka ƙona shi da wuta daidai gwargwado, tokarsa na iya maye gurbin wani ɓangare na siminti. Idan zafin ya wuce kima, amfaninta ya ragu sosai. Sai dai tubali kaya ne mai nauyi. Tokar Anu-Araren ba za ta yi wa magini a Garwa rana ba, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar. Kowane gari da sharar da ke kusa da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne gwaji. Ba kowace shara ce ke shiga bango ba. A Munana ta ƙasar Gabon, inda aka haƙi yuraniyom har zuwa 1999, an gina gidaje da ragowar ma'adinai, daga baya aka gano suna fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, aka rusa su bayan mutane sun kwashe shekaru suna kwana a ciki. Ko tokar kwal ma takan ɗauki ƙarafa masu guba, gwargwadon irin kwal ɗin.

Su wa za su fara sayen bulo mai araha da ba a gwada ba? Mazauna zango da unguwannin gefen gari, inda ake gini ɗaki-ɗaki, ba injiniya, ba takarda. Kamaru tana da hukumar Mipromalo mai kula da kayan gini na gida. Kamata ya yi irin waɗannan hukumomi su gwada kowace shara, su buga sakamakon da harsunan da magina ke ji, har da Hausa da Fulatanci, kafin bulon ya isa kasuwa.